Garda da ƙwace motar ɗan koyo a bakin titi: gyara ne ko tsanani?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna, don ta fara yawa a tsakaninmu mazauna Ayilan. Wani yaronmu da ke aiki a kamfanin nama, lasin koyo gare shi, ya fito da asuba shi kaɗai zai tafi aiki, sai ya ci karo da shingen Garda, wato 'yan sandan ƙasar. Suka duba lasisi, suka leƙa kujerar gefe ba kowa, suka ce ya kwashe kayansa ya sauka. Janwe ta zo ta ɗauke motar, aka bar shi tsaye a bakin titi cikin yayyafi da kular abincinsa a hannu. Motar ma ba tasa ba ce, ta yayansa ce. Sai da aka biya yuro 125 na kwanan farko kafin a sake ta, kuma da ta ƙara kwana, kowace rana 35 ce. Ga tarar yuro 160, ga makin laifi 2 a lasisinsa.

Ban ce bai yi laifi ba. Tambayata ita ce, ya dace ɗan sanda shi kaɗai, ba alƙali ba kotu, ya yanke hukunci irin wannan nan take? Yaron bai yi gudu ba, bai buge kowa ba.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam Baba. Wallahi abin ya yi tsanani. Tara da maki ba su isa ba, sai an raba mutum da abin da yake neman abinci da shi? Wanda ke Dablin ba zai gane ba, yana da bas da jirgin cikin gari na Luas a ƙofar gida. Mu da ke ƙauye, bas ɗin farko na fitowa ne bayan an riga an fara aiki.

Malam Isa mai koyar da tuƙi:
Salamu alaikum. Baban Sadik, Allah ya kiyaye na gaba. Bari in faɗi inda wannan iko ya samo asali, don da yawanmu sun zo ƙasar nan bayan an yi abin.

Ranar 22 ga Disamba 2015, a kusa da Fermoy cikin yankin Cork, wata mata mai suna Geraldine Clancy da 'yarta Louise, mai shekara 22, suna cikin motarsu sai wata mota ta fito daga mahaɗa ta buge su. Motarsu ta kife a cikin wani kwalbati da ruwan sama ya cika, suka rasu a ciki. Wadda ta buge su 'yar koyo ce, ita kaɗai take tuƙi, ba mai kula da ita a gefe. Mijin matar, Noel Clancy, manomi ne a Kilworth. Ya iso wurin ya shiga cikin masu taimako, da farko bai ma gane cewa matarsa da 'yarsa ne ake fitarwa ba. Wannan bawan Allah shi ya tashi tsaye, ya yi ta bin 'yan majalisa da gidajen rediyo, har aka gyara dokar hanya a 2018 zamanin da Shane Ross ke ministan sufuri. Gyaran ya fara aiki 22 ga Disamba 2018, shekara uku cif da ranar hatsarin, shi ya sa ake kiransa da sunan gidan Clancy.

Abu biyu ya kawo. Garda na da ikon tsare motar da ɗan koyo ke tuƙawa ba rakiya. Sannan mai motar da ya ba shi, shi ma ya yi laifi, ana iya kai shi kotu, tara har yuro 1,000. Wannan na biyun ne mutanenmu ba su sani ba, kuma shi ne ya fi shafarmu.

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, ban taɓa sanin labarin nan ba. Uwa da 'ya lokaci guda, ana saura kwana uku bikinsu na Kirsimeti. Ni dai daga yau bakina ya mutu a kan wannan doka.

Ɗan Zazzau:
Abin tausayi ne Maman Ilham, babu mai musu. Amma ai masu cikakken lasisi ma suna kashe mutane a hanya kullum. In mai cikakken lasisi ya yi gudun wuce sa'a, tara ake ba shi ya wuce da motarsa. Ɗan koyo kuwa ko yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, a sauke shi. Ina adalci a nan?

Malam Isa mai koyar da tuƙi:
Ƙanena, bambancin shi ne wanda ya yi gudu an riga an gwada shi, hukuma ta shaida ya iya, sai ya saɓa. Ɗan koyo babu wanda ya shaide shi tukuna. Takardar da ke hannunsa izinin koyo ce bisa sharaɗi, kuma babban sharaɗin shi ne wani mai cikakken lasisi na aƙalla shekara 2 ya zauna a gefensa. In sharaɗin ya faɗi, izinin ya faɗi a wannan lokacin. To ka gaya mini, ɗan sanda ya rubuta masa tara, sannan ya ce masa ya kunna mota ya ci gaba da tafiya shi kaɗai? Ai ya ba shi izinin ci gaba da laifin da ya tsayar da shi a kai kenan. In ya yi gaba kaɗan ya buge wani, wa za a tambaya?

Ina zaune a kujerar gefe kusan kullum. Mutum zai zo mini yana cewa ya yi shekara goma yana tuƙi a Kano ko Kaduna, kuma gaskiya ya faɗa, hannunsa ya faɗa da sitiyari. Amma mu iso shataletale, sai idonsa ya tafi hagu neman mota alhali daga dama take zuwa, don a gida a hannun dama muke tuƙi, nan kuwa a hagu. Sau tari ƙafata ce ke taka birki kafin tasa. Ba rashin iyawa ba ne, jiki ne ya saba da wani abu dabam, kuma ba ya sakin sa a mako guda.

Baban Sadik:
Malam Isa, na ji hujjarka kuma tana da ƙarfi. Sai dai ka bar wani ɓangare. Hukumar RSA mai kula da gwajin tuƙi da kanta ta ce burinta mutum ya samu ranar gwajin tuƙi cikin mako 10. A watannin farko na 2025 jiran ya kai mako 27. Ka haɗa da wata 6 da dole ɗan koyo ya riƙe lasin koyo kafin ya shiga gwaji, da darasi 12 na dole wurin irinku masu rajista, kowanne da kuɗinsa. In ya faɗi gwajin ya koma bayan layi. Gwamnatin da ta kasa ba mutum ranar gwaji a kan lokaci ita ce ke da saurin turo janwe. Wannan ne ke ci mini rai. In za a tsaurara a bakin titi, a tsaurara wa ofis ma.

Hajiya Uwani:
Baban Sadik ka faɗi gaskiya, kuma mata ne suka fi shan wahalar. Yawancin 'yan'uwanmu mata a gidajen kula da tsofaffi suke aiki, ko bin gida gida suna kula da marasa lafiya. Aiki ne na ƙarfe takwas na dare zuwa takwas na safe. Maigida yana gida da yara, ba zai bar su ya zauna a gefenta ba. Wa za ta ɗauka ya raka ta ƙarfe bakwai na yamma, ya kuma dawo ya raka ta gida da safe? Na san mata da dama da suka cire alamar L ta ɗan koyo suka jefa a but, suna tafiya suna addu'a. Ba taurin kai ba ne, rashin mafita ne.

Amma duk da haka ni ba na goyon bayan a yi. Na ga yadda ake ƙarewa.

Malam Isa mai koyar da tuƙi:
Hajiya, don Allah ki gaya musu su mayar da L ɗin nan. Cire ta laifi ne na daban, tarar yuro 120 da maki 2. Kuma ba ta ɓoye komai, don Garda na duba lasisi a wayar aikinsu su ga ko na koyo ne. Jan harafi a kan farin fage, gaba da baya, haka doka ta ce.

Ku lura da lissafin maki, nan ne ramin yake. Tsohon direba sai ya tara maki 12 cikin shekara 3 ake dakatar da shi. Ɗan koyo da sabon direba kuwa 7 ne kawai, a dakatar da mutum wata 6. Yau an kama ki ba rakiya, 2. Wani watan ba L, 2. Kamara ta ɗauke ki kin ɗan wuce ƙa'idar gudu, 3. Shi kenan an kai bakwai. Wadda ke tsoron rasa aikin mako guda ta rasa tuƙin rabin shekara.

Bakatsine a Galway:
Malam, tambaya. Ni na ci gwaji watan jiya alhamdu lillahi. Shi kenan na fita daga wannan tarkon ko?

Malam Isa mai koyar da tuƙi:
Barka, Allah ya sa albarka. Ka fita daga rabi. Yanzu kana iya tuƙi kai kaɗai, kana iya hawa babbar hanya irin M6 wadda aka hana ɗan koyo. Amma tun 1 ga Agusta 2014, duk wanda ya samu cikakken lasisinsa na farko sai ya liƙa alamar N ta sabon direba shekara 2. A cikin shekarun nan iyakarka maki 7 ne har yanzu. Ma'aunin barasa a jininka miligiram 20 ne maimakon 50 na sauran direbobi, ko da yake wannan bai dame mu ba insha Allahu. Abin da ya dame mu shi ne ba ka da ikon raka ɗan koyo. In ka zauna a gefen matarka mai L, a idon doka kamar kujerar ba kowa, kuma ana iya ɗauke motar kana ciki.

Bakatsine a Galway:
Subhanallahi. Wallahi abin da muka shirya yi kenan ranar Asabar. Na gode Malam.

Yaya Nura, Manchester:
Mu ma a nan Ingila 'yan sanda na da ikon ɗauke motar mai lasin koyo in ba rakiya, ba sabon abu ba ne. Kuma akwai dokar sababbin direbobi ta 1995: ka tara maki 6 cikin shekara 2 da cin gwaji, a soke lasisin gaba ɗaya, ka koma ka sake jarabawar rubutu da ta tuƙi. Riƙe waya a hannu kaɗai maki 6 ne. Kira ɗaya ya mayar da kai farko. Naku ma da sauƙi ta wannan fuskar.

Ɗan Zazzau:
Yaya Nura, kasancewar wasu sun fi mu tsanani bai mayar da namu daidai ba. Ni damuwata ita ce ikon a hannun mutum ɗaya yake. Dokar ta ce yana iya tsare motar, ba ta ce dole ba. Kenan wani zai ce maka kira wani mai lasisi ya zo ya ja motar, wani kuma ya kira janwe ba tare da ya saurare ka ba. Duk inda aka bar abu ga ganin damar mai kaki, baƙo ne ke fara jin jiki. Ni an taɓa tsayar da ni sau biyu a hanya ɗaya cikin dare guda, takarduna cikakku, motocin gabana suna wucewa. Ban ce don fatata ba ne, amma zuciya ba ta rasa tambaya.

Maman Ilham:
Ɗan Zazzau, na fahimce ka, kuma in an yi wa mutum rashin adalci akwai ofishin karɓar koke a kan Garda, a kai ƙara can. Amma ka duba ɗaya gefen. In aka cire ganin damar aka ce dole ne, to ko wanda zai tausaya maka ma ba zai iya ba. Ganin damar nan ita ce ta ceci wata ƙawata, jami'in ya tsaya da ita har mijinta ya iso a tasi ya karɓi makullin. Tara da maki dai ta sha, mota ta kwana a gida.

Alhaji Mamman:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina ƙasar nan tun kafin a haifi wasunku, bari in ƙara muku wani abu.

Su kansu 'yan ƙasar sun daɗe suna wasa da wannan lamari. A 1979 layin gwaji ya yi tsawo har gwamnati ta raba wa dubban masu lasin koyo na biyu cikakken lasisi ba tare da gwaji ba. Kuma har zuwa tsakiyar 2008, mai lasin koyo na biyu doka ta yarda ya yi tuƙi shi kaɗai. Ka faɗi gwaji, ka fito daga ofishin, ka shiga motarka ka tuƙa kanka gida. Na ga wannan da idona. Shi ya sa abokin aikinka Bature zai ce maka kowa na yi, ba komai. Da gaskiyarsa, a zamaninsa haka ne. Zamanin ya wuce, kuma shi ɗan ƙasa ne, kai ba ɗan ƙasa ba ne.

Ga abin da nake so ku riƙe. Ranar da za ka nemi takardar zama ɗan ƙasa, ana duba halinka, ana neman rahoton Garda a kanka, kuma ana so ka bayyana laifuffukanka har da na hanya. Mutum ya yi shekara biyar yana haƙuri da sanyi da aikin dare, sai tarin laifin tuƙi ya zo ya tsaya masa a gaba. Tarar da ka ƙi biya kuwa, bayan kwana 28 a ƙara rabi, bayan wasu 28 maganar ta nufi kotu, in aka same ka da laifi makin tuƙi ba rakiya ya tashi daga 2 ya koma 4.

Sai magana ta biyu, wadda ita ce ta sa na rubuto. Laifin namu ne mu manya masu motoci. Yaro ya zo ya durƙusa ya ce Alhaji a ara mini mota zan je in dawo, kunya ta hana ka tambayarsa wane irin lasisi gare shi. Ka miƙa makulli don kada a ce ka yi rowa. A gida wannan karamci ne. A nan kai ne za ka tsaya gaban alƙali, kuma in aka yi hatsari, kamfanin inshora zai fara da tambayar wa ke tuƙi, sunansa na cikin takarda, wa ke gefensa. Amma ku bar batun tara da inshora. In yaron nan ya kashe 'yar wani da motarka, da wane ido za ka kalli uban? Me za ka ce wa Allah? Ni na daina ba da mota sai na ga lasisi a hannuna, kuma an yi fushi da ni a kan haka, har wani ya daina gaishe ni a masallaci. Na ɗauka.

Baban Sadik:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta shige ni, don yayan yaron nan kwana yake da fargabar ko takardar kotu za ta zo masa. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya. Hana aron mota ba ya kai kowa wurin aiki. In muka ce wa yaro kada ka tuƙa, sai mu faɗa masa yadda zai yi ya isa kamfani ƙarfe shida na safe. In ba haka ba, wa'azi muka yi masa muka tafi muka kwanta.

Hajiya Uwani:
To ai nan ne ya kamata mu sa ƙarfinmu. A garinmu mu mata huɗu muka haɗa kai, masu aiki a layi ɗaya. Mai cikakken lasisi na shekara biyu ta zauna a gefe, mai koyo ta ja, kowa ta ba da kuɗin mai. Mai koyon na samun horo kullum a hanyar da za ta riƙa bi, kuma ba wanda ya karya doka. Ba kullum yake daidaituwa ba, wani lokacin jadawalin aiki ya saɓa sai an nemi tasi, kuma tasi a ƙauye da tsada. Amma kuɗin tasin mako bai kai na janwe da tara ba.

Malam Isa mai koyar da tuƙi:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ita ce hanya. Sharaɗi ɗaya, mai koyon ta tabbata sunanta na cikin inshorar motar da take ja.

Kuma ga wani sauƙi da mutanenmu ke bari ya wuce su. Lasisin Najeriya ba a musanya shi da na Ayilan, dole ka bi ta jarabawar rubutu da lasin koyo da gwaji. Amma tun 2019, wanda ya zo da cikakken lasisin ƙasarsa da ya riƙe aƙalla shekara 2 yana iya neman a rage masa darasin dole daga 12 zuwa 6, a kuma ɗauke masa jiran wata 6. Akwai fom na musamman, kuma suna neman takardar shaida daga hukumar da ta ba ka lasisin. Wanda lasisinsa na gaskiya ne, yana cikin rajistar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, ya nema tun da wuri kafin lasisin ya daɗe da ƙarewa. Wanda kuma aka kawo masa lasisi har gida ba tare da ya je an ɗauki hotonsa da yatsunsa ba, kada ya kai musu shi, ya bi doguwar hanya.

Ɗan Zazzau:
Malam na gode da wannan, ban san da shi ba, zan tura wa ƙanena. Ra'ayina dai bai canza ba game da janwe. Da ni ne, sai a wajabta wa jami'i ya ba mutum sa'a guda ya kira mai lasisi kafin a taɓa motar, ya zama haƙƙi ne ba alfarma ba. Zan rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarmu a kan haka da kuma jiran gwaji. Wanda ke so ya sa hannu ya yi mini magana ta gefe.

Alhaji Mamman:
Ka sa sunana, batun jiran gwajin gaskiya ne. Baban Sadik, ka turo mini lambar yaron. Ina wucewa ta kusa da kamfaninsu Litinin da Laraba da asuba, zan zauna a gefensa. Sauran kwanakin a nemo wani.

Baban Sadik:
Allah ya biya, Alhaji. Yanzu zan turo. Talata da Alhamis zan tambayi maƙwabcina, lasisinsa ya haura shekara biyu. Saura Juma'a, in akwai mai bin hanyar ya yi magana kafin Lahadi.